Kaza a Kan Dami: Ɓaraguzanmu da Titunanmu

Ranar Talatar nan na tsaya a bakin wani kududdufi a unguwarmu ina kallon tifa tana juye ɓaraguzan wani bene da aka rushe. Manyan guntayen kankare ne, wasu har da rodi a jikinsu. Kafin ƙura ta lafa yara 'yan jari-bola sun dira da guduma, suka zare ƙarfen suka bar sauran. Ban bar wurin ba sai ga wata tifar ta wuce maƙare da sabuwar tsakuwa, za ta kai wa masu aikin titin bayan kasuwa. Na tambayi direban tifar farko ko sayar da kayan ya yi, ya yi dariya ya ce: "Alhaji, wa zai sayi shara? Biyana aka yi in zubar." Wannan amsa ce ta hana ni sakat duk makon nan.

Kankare fa ba wani abu ba ne illa tsakuwa da yashi da aka ɗaure da siminti, kuma su biyun ne kusan kashi uku cikin huɗu na jikinsa. Dutsen da ke ciki bai tsufa ba don ginin ya faɗi. Injin fasa dutse zai niƙa shi, maganaɗisu ya janye rodin, rariya ta ware manya da ƙanana, a samu abin shimfiɗawa a ƙarƙashin kwalta. Har ma sauran simintin da ke maƙale a jikinsa yakan sake kamawa idan ya sha ruwa aka danne shi, gindin titin ya ƙara tauri.

Wasu sun daɗe da gane haka. Jamusawa da ɓaraguzan Yaƙin Duniya na Biyu suka tayar da wani ɓangare na biranensu. Japan ta yi doka a 2000 da ta tilasta ware kayan rusau, yau sama da kashi 90 cikin 100 na tsohon kankarensu yana komawa aiki, mafi yawansa a ƙarƙashin tituna. A Amurka, da aka rufe filin jirgin saman Stapleton na birnin Denver a 1995, an niƙa sama da tan miliyan 6 na daɓensa aka sake gini da shi. Mu kuwa, da aka yi rusau a Kano a watan Yunin 2023, hankalin kowa a kan rodi da kwano da siyasa ya tsaya. Wa ya yi maganar tsakuwar?

Ga ra'ayina a kan cike kududdufai. Ruwan da ka ƙwace wa makwanci a rani, cikin ɗakinka zai kwana a watan Agusta. Ka ga asara biyu ke nan: mun binne tsakuwa, mun gayyato ambaliya. Sannan mu koma muna fasa duwatsu da nakiya, irin na Mpape a Abuja, inda girgizar ƙasar 2018 ta sa hukuma ta dakatar da aikin na ɗan lokaci. A ɗoro dutsen a tifa, a ƙona man dizal mai tsada, nauyin tifar ya farfasa titin da ta bi. Wannan ba rashin sani ba ne kawai, akwai son zuciya. Ɗan kwangilar da ake biya bisa yawan tifar da ya sayo, me zai kai shi ga kayan araha?

Na san injiniyoyi za su ce tsohuwar tsakuwa ta fi shan ruwa, kuma bulon da muke bugawa da yashi da siminti zalla ba kankare ba ne. Gaskiya ne, shi ya sa ake gwaji, ake warewa, ake fara sa ta a shimfiɗar ƙasa.

Tun 2023 Ministan Ayyuka David Umahi yake kururuwar titin kankare. Madalla. To titin nan ma wata rana zai gaji a fasa shi, ina za a kai shi? Gwamnonin Arewa, ku keɓe fili a bayan kowane babban gari don tara ɓaraguzai, ku ajiye injin niƙa, ku rubuta a takardar kwangila cewa titunan unguwanni da wannan tsakuwa za a shimfiɗa su. Ku kuma hana juye su a kududdufi, wanda ya juye a ci shi tara. Mun gaji da kwana da yunwa a kan dami.