Watsa Zaman Majalisar Kansiloli Ta Yanar Gizo: Ina Matsayin Mutanen Runka?

Tun daga ranar 11 ga watan Yuli na shekarar 2024, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma zaɓaɓɓun shugabanni kaɗai ne doka ta sani, hankalin jama'a ya ƙara karkata zuwa sakatariyoyin ƙananan hukumomi. Aiwatar da hukuncin ya gamu da jinkiri, amma tambayar da ya tayar ba ta kwanta ba: idan dukiyar jama'a ta iso ƙaramar hukuma, wa zai ga yadda ake yanke shawara a kanta? A nan Jihar Katsina an gudanar da zaɓe a ranar 15 ga watan Fabrairu, 2025, a ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, saboda haka kowace mazaɓa ta samu kansilan da za ta tambaya.

Dabaru biyu ne ake ambata a ƙasashen duniya dangane da wannan batu. Ta farko ita ce a riƙa watsa zaman majalisar kansiloli ta yanar gizo domin kowa ya ji. Ta biyu kuwa ita ce a bai wa kansila damar halartar zama daga nesa ta wayar salula ko kwamfuta. Akan ambace su tare kamar Hassan da Hussaini, alhali kuwa idan aka auna su da halin da gari irin Runka yake ciki, za a ga ba su da nauyi ɗaya.

Runka tana cikin Ƙaramar Hukumar Safana, a bakin dajin Rugu, kuma mazaɓu biyu ne ke ɗauke da sunanta, wato Runka A da Runka B. Mutanen wannan yanki, da maƙwabtansu na Ruma da Wagini da Madogara a Ƙaramar Hukumar Batsari, sun shafe shekaru suna fama da ɓarayin daji. Manomin da yake lissafin kuɗin babur da hatsarin hanya ba zai bar gonarsa ya tafi Safana don kawai ya zauna a bayan zaure ya saurari muhawara ba. Ga shi kuma abubuwan da ake tattaunawa a zauren nasa ne. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya danƙa wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da hanyoyin cikin gari da rajistar haihuwa da mutuwa, tare da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da bunƙasa aikin gona. Rijiyar burtsatsen da ta lalace, da ajin da iska ta yaye wa rufi, da asibitin sha-ka-tafi da babu ma'aikaci, duk a wannan zaure ya kamata a ji labarinsu.

Don haka a ganinmu watsa zaman majalisa abu ne da ya dace a soma, kuma ba sai an jira manyan na'urori ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa kason da kowace ƙaramar hukuma take samu duk wata, to amma ganin adadi a takarda bai gaya wa mutumin Runka ko kansilansa ya miƙe ya yi magana a kan hanyarsu ba. Sautin zaman ne zai gaya masa. Zai kuma kare kansilan kirki, domin sau da yawa akan zargi wakili da yin shiru, alhali ya kawo kuka an ce babu kuɗi.

To sai dai kalmar yanar gizo tana iya ruɗar mu. Hoton bidiyo na kai tsaye a Facebook yana cin data, yana buƙatar sabis mai ƙarfi da waya mai caji, kuma waɗanda za su fi kallonsa su ne 'yan asalin yankin mazauna Katsina da Kaduna da Abuja. Ba mu raina wannan ba, domin su ma suna da haƙƙi, kuma bakinsu yana kaiwa inda na mutanen ƙauye ba ya kaiwa. Amma dattijon da ke Zakka ko Babban Duhu rediyo yake saurare. Abin da zai isa gare shi shi ne a naɗi sautin zaman da Hausa, a taƙaita shi, a sa a Gidan Rediyon Jihar Katsina, sannan a tura shi ta WhatsApp, yadda matasa za su riƙa raba shi daga waya zuwa waya a ranar kasuwa ko da babu sabis. Ba mu manta ba cewa a watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 saboda dalilan tsaro, ciki har da Safana da Batsari, ba a kuma maido da su ba sai wajen ƙarshen shekarar. Duk tsarin da ya dogara kacokan a kan sabis, to a irin wannan lokaci zai tsaya cik, rediyo kuwa bai daina magana ba.

Akwai wani abin lura da mutanen birni ba safai suke tunawa da shi ba. A yankin da ake fama da masu kai wa ɓarayi rahoto, abin da aka watsa ga jama'a an watsa shi ga daji ma, tunda su ma suna riƙe da waya. Kansilan da ya tashi ya faɗi hanyar da ɓarayi suke bi, ko ya ambaci ƙauyen da ya kawo labari, ya jefa kansa da mutanensa cikin hatsari. Wajibi ne batun tsaro ya zama na sirri, a kashe na'ura kafin a shiga cikinsa. Amma wajibi ne kuma a rubuta a ƙa'idar zama abin da ake nufi da batun tsaro, kada ya zama bargon da za a lulluɓe kwangilar gyaran kasuwa da shi.

Dabara ta biyu, wato halarta daga nesa, ita ce muke ɗari-ɗari da ita. Ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. A watan Mayu na 2020, lokacin annobar korona, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya jagoranci taron Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta hanyar bidiyo, kuma a watan Yuli na wannan shekarar Kotun Ƙoli ta bayyana cewa zaman kotu ta irin wannan hanya bai saɓa wa tsarin mulki ba. A Ingila an ba kansiloli irin wannan dama na ɗan lokaci saboda annobar, amma wa'adinta ya ƙare a watan Mayu na 2021, bayan da babbar kotu ta ce a ƙarƙashin dokarsu ta 1972 zama yana nufin haɗuwa a wuri guda, sai fa idan majalisar dokoki ta sauya dokar. Yankin Wales kuwa ya yi sabuwar doka a 2021 wadda ta tabbatar da halarta daga nesa. Darasin da ke ciki a gare mu shi ne ba a yin wannan da sanarwar baki. Sashe na 7 na kundin tsarin mulki ya ɗora wa jiha alhakin yin dokar da ta tsara ƙananan hukumomi, don haka Majalisar Dokokin Jihar Katsina ce za ta fayyace ko wanda ya shigo ta waya yana cikin adadin da ake buƙata kafin zama ya halatta, da kuma matsayin ƙuri'arsa idan layi ya katse ana tsakiyar kaɗa ta. In ba haka ba, wata rana lauya zai rushe kasafin kuɗin shekara guda a kotu saboda wannan giɓi.

Hujjar masu goyon baya tana da ƙarfi, ba mu musanta ba. Ranar da hanya ba ta biyuwa, ko damina ta cika rafi, gara a ji muryar kansilan Runka ta waya da a yanke shawara babu shi. Haka nan zai sauƙaƙa wa mata da masu lalura shiga wannan aiki. Amma mu dubi ɗaya gefen. Rashin tsaro ya riga ya sa masu hali da dama sun kwashe iyalansu zuwa Dutsinma da Katsina. Idan aka buɗe wannan ƙofa ba tare da iyaka ba, za a wayi gari wakilin mazaɓa yana zaune a birni, yana amsa sunansa ta waya, yana karɓar alawus, bai san farashin taki a kasuwar garinsu ba, bai je jana'izar waɗanda aka kashe ba. Kansila shi ne wakilin da talaka yake iya tararwa a ƙofar gida bayan sallar asuba, kuma wannan kusanci shi ne dalilin kafa tsarin ƙananan hukumomi na bai ɗaya a gyaran 1976.

Saboda haka idan har za a yarda da halarta daga nesa, to ta zama rangwame na larura: a nemi izini kafin zama, a rubuta dalili a littafin majalisa, a ƙayyade sau nawa mutum zai iya yin haka a shekara, kuma ranar amincewa da kasafin kuɗi kowa ya zo da ƙafarsa. A nan ne ma dabarar farko za ta tsare ta biyu, domin idan akawun majalisa yana kiran suna a farkon kowane zaman da aka naɗa, yana faɗin wanda ke zaure da wanda ke kan waya da wanda bai zo ba, mutanen Runka A da Runka B za su riƙa ƙirgawa da kansu.

Abin da Safana ko Batsari take buƙata don gwaji bai wuce na'urar naɗar sauti ɗaya, da lasifika, da farantin sola saboda matsalar wuta, da jami'in yaɗa labarai na ƙaramar hukumar wanda dama yana kan albashi ba. Sai kuma a liƙa ranar zama da jerin batutuwan da za a tattauna a sakatariya da ƙofar fadar hakimi, a kuma aika wa dagatai da masu unguwanni mako guda kafin ranar, domin mai ƙorafi ya samu kansilansa tun bai kama hanyar Safana ba.