Duman Rafi: A Yi Surace Da Shi, Kada A Sha

'Yan'uwana mata, yau maganarmu a kan duman rafi take, wanda wasu ke kira duman kada. Duk yarinyar da ta taɓa zuwa ɗibar ruwa a nan Tarai ta san shi. Yaɗo yake yi a kan yashi, furensa ja-ja kamar bakin kakaki, kuma dangin dankalin Hausa ne.

Ban zo in kushe shi ba. Da shi kakata take yi mana surace in mura ta kama mu, ta tafasa shi da ƙaiƙayin gero, ta lulluɓe mu da zane har mu yi gumi. A da can kuma ana dandaƙa ganyensa a ɗaura a gyambon kurkunu, ko da yake tace ruwa da tsabtace rijiyoyi su suka raba mu da wannan cuta. Rabon Nijeriya da kurkunu tun 2008.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, makon jiya wata ɗalibata ta ce mini babarta tana jego, kuma ana dafa mata ganyen tana sha, wai don ciwon jiki. Gabana ya faɗi.

Jama'a, mu duba mana. Da rani, ko'ina ya bushe, shi yana nan kore shar, amma akuya ba ta kula shi sai yunwa ta ci ƙarfinta. A arewa maso gabashin ƙasar Birazil, inda yake da yawa, likitocin dabbobi sun tabbatar yana sa tumaki da awaki da shanu makyarkyata da tangaɗi. Abin da ya fi tayar mini da hankali, sun ga dafin yana bi ta nono, har ɗan tunkiyar da bai taɓa cin ganyen ba ya kamu. A kan dabbobi aka gani, na yarda. To, amma wace uwa ce za ta so a gwada a kan jaririnta?

Mai jegon da ciwon jiki ya dame ta, ta gasa jikinta da ruwan, kada ta kai shi baki. In ya zo da zazzaɓi ko jini ya ƙi tsayawa, maigida ya kai ta asibitin Rano ranar nan. Ku kuma 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku wannan, amma cikin ladabi, ban da gatsali.