Ƙwai ɗaya a tsakiyar garaji ba ya nuna gaskiyar fenti

Matasa da yawa a Maraɗi da Damagaram da Yamai sun mayar da garajin gidansu wurin sana'a. Aikin ya wuce wankin mota na guga da soso. Suna goge fenti da inji, suna shafa mai sa ƙyalli, suna share kujeru har lungu. Abin da ke damuna shi ne, mutum zai zuba jikkuna a kan injin gogewa da sabulan waje, amma haskensa duka ƙwai ɗaya ne rataye a tsakiyar rufi. Da dare motar tana walƙiya. Gari na wayewa mai ita ya fitar da ita rana, sai ga ƙarce-ƙarce kamar saƙar gizo-gizo a kan murfin inji. Daga ranar ba zai sake kawo ta ba, kuma ba zai faɗa maka dalili ba.

Wani zai ce, to a yi aikin a rana mana, tunda Allah ya hore mana ita. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙarfen mota ba ya taɓuwa, sabulu kan bushe kafin ka ɗauraye, ruwa ya bar tabo. Da hunturu kuwa ƙura ce ke sauka a kan fentin kana cikin gogewa, ita ce ma ke ƙarce shi. Dole dai aikin ya koma inuwa, shi ya sa nake ganin fitila kayan aiki ce daidai da injin.

In ka je kanti, kada ka tsaya a kan wat. Wat wutar da ƙwan ke ci ne, hasken da yake bayarwa da lumen ake auna shi. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da lumen wajen 800, na LED kuwa da wat 10 ya kai nan. Garajin mita 6 a 4, wato murabba'in mita 24, yana son aƙalla lumen 500 a kowane murabba'i don aiki mai son ido, lumen 12,000 ke nan. Doguwar fitilar LED mai mita 1.2 da wat 18 kan ba da kusan 1,800. Sai ka sayi takwas ko goma, saboda bango da rufi na shanye wani kaso, kuma abin da aka rubuta a kwalin mai araha ba kullum yake cika ba. Ka shafe bangon da farin fenti, zai maido maka da haske kyauta.

Launin hasken ma akwai lambarsa a jikin kwali. Mai 2,700K ja-ja ne, na ɗakin kwana. Abin da kake so tsakanin 5,000K da 6,500K yake, mai kama da hasken rana. Akwai kuma lambar CRI ko Ra: in ta kai 90, ja zai fito ja, kuma za ka gane ƙofar da aka taɓa yi wa sabon fenti.

Amma a ganina inda aka kafa fitilar ya fi duk waɗannan lambobi muhimmanci. Fitilar da ke saman mota rufinta kawai take haskawa. Ƙofofi da gefe suna cikin duhu, kai kuma da ka sunkuya inuwarka ta rufe wurin da kake gogewa. Ka jera dogayen fitilu layi biyu, hagu da dama, a gefen inda motar ke tsayawa, sa'annan ka sa wasu a bango daidai ƙugu, su bugi ƙofofin daga gefe. Duk da haka wannan shimfiɗaɗɗen haske yana ɓoye ƙananan ƙarce. Abin da ke tona su haske ne mai fitowa daga ɗigo ɗaya, irin na rana. Don haka tocila mai ƙarfi a hannu ba ta da madadi: ka kashe sauran fitilu, ka karkata ta a kan fentin, ka bi shi taƙi-taƙi. Abin da ka gani a nan shi mai motar zai gani gobe.

Fitilun nan masu siffar saƙar zuma da ake nunawa a TikTok suna da kyau a hoto, ban musa ba. Sai dai su ma a sama suke, gefen motar bai amfana ba. Kuɗinsu ya fi dacewa da fitilun bango da tocila.

Wuri ne na ruwa, a kiyaye. Nemi fitila mai alamar IP65, wadda ƙura ba ta shiga, feshin ruwa ma ba ya yi mata komai. A kira mai gyaran wuta na gaske ya ɗaga wayoyi sama, ya sa na'urar da ke yanke wuta da kanta in ta zuba. Wuta mai volt 220 da jiƙaƙƙen siminti ba abokan wasa ba ne.

Saura ɗaukewar wuta, wadda duk mai mitar NIGELEC ya sani, balle tun watan Agusta na 2023 da Nijeriya ta yanke layinta na tsawon watanni. A nan LED ta yi mana gata. Fitila takwas masu wat 18 duka wat 144 ne, abin da ƙaramin sola da batir za su iya ɗauka na sa'o'i. Ka raba layin fitilu da na injin gogewa, don in wuta ta tafi kana tsakiyar ƙofa, ka ga inda ka tsaya, ka share abin da ka shafa kafin ya bushe a kan fentin.