Dasa Bishiya, To Wace Bishiya, Kuma A Ina?



Duk shekara da zarar damina ta kankama, sai waƙoƙi da gajerun labarai kan dashen itatuwa su cika mana shafuka. Kowa da salonsa, amma saƙon ɗaya ne: dasa bishiya ka ceci duniya. A yi ta tafi, a yi ta sambarka, babu mai tambayar wace bishiya, kuma a ina. To yau na zo in ɓata wannan biki. Abin da nake cewa shi ne, wannan kirari in aka ɗauko shi daga Sakkwato ko Maiduguri aka haura da shi kan tsauni ba tare da tunani ba, yana iya kashe ƙoramar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana gudu. Marubucin da ya maimaita shi ido rufe kuwa yana da kamasho a cikin laifin.

Mu hau tsaunin Mambila a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, inda Gembu da Nguroje da Maisamari suke. Ƙasa ce da ta kai kimanin mita 1,600 sama da teku, mai sanyi da hazo da doguwar damina, har ana noman ganyen shayi a Kakara. Kusa da nan Chappal Waddi yake, ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijeriya, mita 2,419, a cikin gandun dajin Gashaka-Gumti da aka kafa a 1991. Kogin Donga daga Mambila yake tasowa, kogin Taraba kuma daga tsaunukan Gashaka, su biyun su zuba a Binuwai. Wanda yake kamun kifi ko noman rani a gaɓar Donga, ruwansa daga wata 'yar ƙorama ta can sama ya faro.

Baƙon da ya fara hawa Mambila yakan ga tuddai shimfiɗe da ciyawa iya ganinsa, sai ya ce a ransa an sare dajin nan, ya kamata a dasa itatuwa. Nan kuskuren yake farawa. Ciyawar tana da aiki. Saiwarta da ƙasar da ta riƙe tamkar soso suke: ruwan sama ya sauka, su tsotse, su riƙa sakinsa a hankali zuwa idon ruwa. In rani ya yi ciyawar ta bushe, ta daina sha, ta bar abin da ke ƙasa ga ƙorama. A cikin kwaruruka kuma akwai kurmi, siririn daji na itatuwan asali da ke bin bakin ruwa, yana yi masa inuwa, yana riƙe gaɓa kada ta zabtare. Mafi shahara cikin abin da ya rage na irin wannan daji shi ne Ngel Nyaki, wanda aka keɓe a 1969, inda har yau ake samun manyan birai irin cimfanzi, kuma masu bincike daga Jami'ar Canterbury ta New Zealand suka kafa tasha tare da 'yan Nijeriya.

Sai ga baƙuwa ta shigo, bishiyar turare, wadda wasu ke kira zaiti. Asalinta Ostireliya. Tana girma da sauri, ta miƙe sambal, ba ta zubar da ganye gaba ɗaya da rani, saiwarta kuma tana nutsawa ta cim ma ruwan ƙarƙashin ƙasa. Wato lokacin da ciyawa ta kwanta barci, ita tana nan tana zuƙa. Ganyenta da ya faɗi ba ya saurin ruɓewa, kuma in aka dasa ta a cunkushe ba kasafai wani tsiro ke yin kirki a ƙarƙashinta ba. Yau duk wanda ya bi hanyar Gembu zai ga yadda ta kewaye garuruwa da rugage.

Kada wani ya ce ƙiyayya ce kawai. An gwada abin nan an auna. A Mokobulaan da ke Afirka ta Kudu, an dasa turare a 1969 a kan tudun ciyawa da ƙorama ke fitowa daga cikinsa, ana auna ruwan shekara bayan shekara. A shekara ta 9 ƙoramar ta ƙafe ƙaf. Aka sare itatuwan suna da shekara 16, amma sai da aka ƙara kusan shekara 5 kafin ruwan ya dawo gudu rani da damina. Irin wannan sakamako ne ya sa ƙasar ta kafa shirin Working for Water a 1995 don tumɓuke baƙin itatuwa daga wuraren da ruwa ke tasowa, dokar ruwanta ta 1998 kuma ta sanya gonakin katako cikin ayyukan da ke rage gudun rafi, masu buƙatar lasisi. A Kenya, ministan muhalli John Michuki ya ba da umarni a 2009 a cire turare daga bakin koguna da fadamu. Kikuyawa ma sun raɗa mata suna mai ma'anar mashayiyar ruwa. Maƙwabtanmu na tsaunukan Bamenda a Kamaru sun daɗe suna kuka da ita a kan idanun ruwansu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Na san abin da za a ce da ni, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce mutumin Mambila da turare yake girki, da ita yake jin ɗumi a wannan sanyi, da ita yake rufin ɗaki, ita yake sayarwa ya biya kuɗin makarantar yara. Za a ce ba don ita ba, da tuni gatari ya gama da kurmi. Duk na yarda. Ban ce a ƙone gonar kowa ba. Rigimata da wurin dashen ce. Turare a kan tudu nesa da ruwa dukiya ce. Turare a bakin idon ruwa ko a cikin fadama bashi ne da mutum ɗaya ya ci, gari guda ke biya, kuma mata da yaran da za su ƙara tafiya da tulu su ne ke fara biya.

Za a kuma ce itatuwan kurmi ai su ma suna shan ruwa. Suna sha. Amma siririn layi ne a bakin ƙorama, girmansu a hankali yake, kuma suna biyan abin da suka sha da inuwa da riƙe ƙasa da abincin tsuntsaye da birai. Haka nan ba turare kaɗai ke da laifi ba. Shanun da suka fi ƙarfin makiyaya suna tattake bakin ruwa har ya koma laka. Wutar da ake cinna wa ciyawa kowane rani tana lasar gefen kurmi, yana ja da baya kaɗan kaɗan. Manomi yana share kwari saboda nan ƙasa ta fi laima. Kowa na da hujjarsa, kowa na da yaran ciyarwa, ita kuwa ƙorama ba ta da bakin kai ƙara.

Ga wani abin mamaki. Shekara da shekaru ana yi mana alkawarin tashar lantarki ta Mambila mai megawat 3,050 a kan kogin Donga, kwangilar da aka amince da ita a 2017 a kan kusan dala biliyan 5.8. Mun rubuta sharhi ba adadi a kan jinkirinta da shari'o'inta. Mu nawa muka taɓa tambayar daga ina ruwan da zai juya injinan zai fito? Madatsa ba ta ƙirƙirar ruwa, tara shi kawai take yi. In ƙoramu suka raunana da rani, zaizayar tuddai kuma ta riƙa cika tafkin da laka, siminti ba zai yi maganin wannan ba.

To me nake so daga gare mu? Na farko, mu daina rubuta “bishiya” kamar duk itatuwan duniya abu ɗaya ne. Darbejiyar da ta zama rahama a titunan Maiduguri, da gawon da ke ƙara wa gonar gero ƙarfi a ƙasar Damagaram, da turare a bakin ƙoramar Nguroje, labarai uku ne daban. Ka kira itace da sunansa, ka kira wuri da sunansa. Na biyu, in ka ga hoton manya ana dashen dubban itatuwa, kafin ka tsara waƙar yabo ka tambaya: wane iri ne, a ina aka sa su, me ke wurin kafin su zo? Na uku, mu yi rubutu a kan abin da zai yi aiki: a bar tazara tsakanin gonar turare da ruwa, a mayar da itatuwan asali cikin kurmin da ya lalace, a killace idon ruwa a gina wa shanu kwamin sha daga gefe, a share layin tare wuta kafin lokacin ƙuna. Babu ɗaya daga ciki da ke buƙatar biliyoyi. Abin da suke buƙata shi ne yarjejeniya tsakanin manomi da makiyayi da masu sarauta, kuma magana ba ta kaiwa zaure sai wani ya fara furta ta.

Masu neman abin rubutawa, ga shi nan a ƙasa ba kowa ya ɗauka: uban da ya dasa turare don karatun ɗansa, da maƙwabciyar da ƙoramarta ta fara ƙafewa, kuma kowannensu yana da gaskiya. Wanda yake ganin na yi kuskure, musamman 'yan uwanmu na Gembu da kewaye, fili nasa ne, ya zo da hujja mu ƙaru.

Allah Ya sa mu dace.