Kada Manhaja Ta Wanke Allon Majalisa

Da wuya ƙudurin doka ya fita daga majalisar birni da kamannin da ya shigo da su. Kansila ya gabatar da daftari, kwamiti ya saurari jama'a, lauyoyin majalisa su gyara lafazi, wasu kansiloli su nemi a rage wani adadi, ofishin magajin gari ya nemi a ɗage ranar fara aiki. Kafin a kaɗa ƙuri'ar ƙarshe, rubutu ɗaya kan sauya siga sau biyu ko uku. A zamanin takarda kowace siga tana barin sawunta, domin tsohon shafi yana nan cikin fayil da zanen alƙalami a kansa. Yanzu da aikin ya koma cikin manhaja, akawun majalisa yana da hanyoyi biyu a gabansa duk lokacin da gyara ya zo. Ko dai ya buɗe rubutun da ke nan ya sauya shi a inda yake, ko kuma ya bar shi yadda yake ya buɗe sabuwar siga mai alama ta dabam. Hanya ta farko ta fi sauri, amma ta biyu ce kaɗai ta dace da ofishin da aka damƙa wa amanar tarihin doka.

Biranen Amurka ne suka fi nuna yadda lamarin yake, domin majalisun da yawa daga cikinsu sun daɗe da mayar da bayanansu kan intanet. New York da San Francisco da Seattle suna amfani da manhajar Legistar ta kamfanin Granicus. A cikinta kowane ƙuduri yana da fayil mai lamba ɗaya da ba ta sauyawa tun daga ranar gabatarwa har ranar sa hannu. A ƙarƙashin lambar akwai rubutun ƙudurin, da takardun da aka haɗa masa, da jadawalin tarihi mai nuna kwanan wata, da sashen majalisar da ya ɗauki mataki, da sakamakon ƙuri'a. A jikin jadawalin akwai wani ɗan gurbi da ke nuna a kan wace siga aka ɗauki kowane mataki. Wannan gurbi shi ne ƙashin bayan fayil ɗin gaba ɗaya. Idan babu shi, abin da tarihin zai iya faɗa kawai shi ne an yi ƙuri'a. Ba zai iya faɗin kalmomin da aka yi wa ƙuri'ar ba.

Majalisar birnin New York, mai kansiloli 51, tana da tsari mai sauƙin fahimta. Idan aka yi wa ƙuduri gyara, sai a liƙa wa lambarsa harafin A. Idan aka sake gyarawa, sai ya zama B. Doka ta kuma tanadi cewa sigar ƙarshe ta kasance a gaban kansiloli tsawon kwana bakwai, ban da Lahadi, kafin a zartar da ita, sai fa idan magajin gari ya shaida a rubuce cewa akwai gaggawa. Hikimar wannan sharaɗi ita ce kada a sa wakili ya amince da abin da bai sami damar karantawa ba. Sai dai ƙidayar kwana bakwai ba ta da ma'ana matuƙar ba a san takamaiman rubutun da ake ƙirga wa kwanakin ba. Idan aka taɓa jimla ɗaya a rana ta biyar ba tare da buɗe sabuwar siga ba, fayil zai nuna an cika sharaɗi alhali rubutun da aka zartar bai kwana bakwai a gaban kowa ba.

Masu nazarin harshe sun fi kowa sanin nauyin da kalma ɗaya kan ɗauka. Tsakanin "magajin gari zai iya buga rahoto" da "wajibi ne magajin gari ya buga rahoto" akwai kalmomi ƙalilan, amma ta farko izini ce, ta biyu kuwa umarni ne da za a iya kai ƙara a kansa. Haka tsakanin "da" da "ko" a jerin sharuɗɗan samun lasisi: ɗaya na bukatar a cika dukkansu, ɗaya kuwa guda ya wadatar. Irin waɗannan sauye-sauye su ne ido ke tsallakewa, kuma su ne aka fi kira "ɗan gyaran lafazi" a ofis.

Abin da ya faru a majalisar dokokin tarayyar Amurka ya isa gargaɗi ga kowace majalisar birni. A watan Disamba na 2005 majalisar dattawa ta amince da wani babban ƙudurin rage giɓin kasafin kuɗi. A ciki akwai sashen da ya ƙayyade cewa shirin lafiya na Medicare zai biya hayar wasu kayan jinya tsawon wata 13. Wajen shirya rubutun domin aika wa majalisar wakilai, wani akawu ya sauya adadin ya koma wata 36. Majalisar wakilai ta amince da abin da aka aiko mata ranar 1 ga Fabrairu, 2006, da ƙuri'a 216 a kan 214. Bayan haka aka mayar da adadin 13, kuma wannan sigar ce Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu ranar 8 ga Fabrairu. Ƙungiyar Public Citizen ta kai ƙara, tana mai cewa majalisun biyu ba su amince da rubutu ɗaya ba. Kotuna suka ƙi shiga maganar, bisa hukuncin kotun ƙoli na 1892 wanda ya ce idan shugabannin majalisun sun sa hannu a kan sigar ƙarshe, kotu ba za ta koma tonon yadda aka kai gare ta ba. Darasin a fili yake. Idan akwai inda kotu ba za ta tona ba, to nauyin tabbatar da gaskiyar rubutu ya rataya ne a wuyan ofishin akawu.

Masu goyon bayan gyara a inda rubutu yake suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Suna cewa yawan sigogi na rikitar da jama'a: ɗan jarida ya buɗe tsohuwar siga ya ba da labarin abin da aka riga aka cire, mazauna unguwa su zo zaman sauraro da fushi a kan sakin layin da ya mutu tun makon jiya. Suna kuma cewa ofishin akawu ma'aikatansa kaɗan ne, ajanda tana da wa'adi (a jihar California, alal misali, dokar Brown ta 1953 ta wajabta fitar da ajandar zama na yau da kullum awa 72 kafin zaman), don haka buɗe sabuwar siga saboda waƙafi ko harafin da ya faɗi ɓata lokaci ne.

Hujja ta farko ana warware ta da alama mai kyau. Shafin da jama'a ke gani ya buɗe a kan siga ta yanzu, tsofaffin kuma su ɗauki sanarwa a samansu cewa an maye gurbinsu, da ranar da aka yi hakan. Wanda ya rikice da tsohuwar siga yana iya ganin kuskurensa cikin minti ɗaya. Wanda aka share wa ita kuwa ba shi da abin da zai kwatanta. Hujja ta biyu tana da rauni a gindinta, domin tana ɗauka cewa an san ƙaramin gyara tun kafin a yi shi. Sauya 13 zuwa 36 lambobi biyu ne kacal. Ba dole ba ne kowane waƙafi ya haifi sabon harafi a jikin lambar ƙuduri, amma dole ne ya bar shaida: wa ya gyara, yaushe, me ke wurin a da, wa ya ba da izini. Majalisar birnin Washington ta nuna hakan mai yiwuwa ne, domin tana ajiye kundin dokokinta a GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke bin sawun kowane sauyi. A 2018 wani mazaunin birnin ya ga kuskuren rubutu a kundin, ya aika da gyara, ofishin majalisar ya duba ya karɓa, kuma sauyin ya zauna a rubuce ga duk mai son gani.

Wannan tunani yana da tushe a Afirka ma. A 2004 wani shiri na Majalisar Ɗinkin Duniya domin majalisun dokokin Afirka ya fara gina tsarin rubuta takardun doka ta yadda kwamfuta za ta gane sassansu. An raɗa masa suna Akoma Ntoso, daga harshen Akan na Ghana, ma'ana zukatan da aka haɗa, kuma a 2018 ƙungiyar OASIS ta amince da shi a matsayin ma'auni na duniya. Tsarin ya bambanta doka a matsayin aiki guda da kowace sigarta a wani lokaci ko wani harshe, ya ba kowace siga sunanta na dindindin. Ga ƙasashen da ake rubuta doka da Faransanci ko Ingilishi sannan a fassara wa jama'a, wannan bambanci yana da amfani na musamman, domin fassara ma sai ta bayyana daga wace siga aka ɗauko ta.

Almajiri yana wanke allonsa ne bayan ya haddace abin da ke kai, kuma littafin da aka kwafo karatun yana nan idan an yi gardama. Majalisar birni ba ta da wani littafi a bayan fayil ɗinta. Saboda haka duk majalisar da za ta sayi manhaja, ko take aiki da ita, ya kamata ta rubuta ƙa'idoji uku cikin dokokin zamanta. Da zarar siga ta fita ga jama'a ko an kaɗa ƙuri'a a kanta, a kulle ta. Kowace ƙuri'a a ɗaure ta da sigar da ke gaban kansiloli a ranar. Ikon buɗe abin da aka kulle kuma ya tsaya a hannun mutum ɗaya ko biyu, waɗanda sunansu zai fito a tarihin fayil duk lokacin da suka yi amfani da shi. Manhaja tana yin abin da aka saita ta ne, kuma saitin hukunci ne da ya kamata zaɓaɓɓun kansiloli su yanke da kansu a zaman majalisa, a gaban jama'a.