Darasin zaɓe na aro ba ya rufe katara

Jama'a, yau da wuya malamin tarihi ya ce ya rasa kayan aiki. Da wayar hannu zai sauko da darussa ɗari daga intanet, an tsara su har da tambayoyin jarrabawa. To, amma darussan wa? Yawancinsu an shirya su ne domin ɗan makarantar Faransa. Shi ya sa ɗalibinmu na Maraɗi ko Tawa yake iya bayanin juyin juya halin 1789 da yadda ake zaɓen shugaban Amurka, amma a tambaye shi abin da ya faru a ƙasarsa ran 28 ga Satumban 1958, sai ya yi zuru.

Ashe ba mu da abin koyarwa? A ranar nan aka yi ƙuri'ar raba gardama: Jibo Bakari da jam'iyyar Sawaba suka ce a'a ga tayin Janar Dagol, aka bayyana cewa wajen kashi 78 cikin 100 sun ce i, a 1959 kuma aka haramta Sawaba. Ga babban taron ƙasa na 1991 a Yamai. Ga zaɓen 1993, inda Mahamman Usman ya kada Tanja Mamadu a zagaye na biyu. Kowane ɗaya darasi ne cikakke.

Wasu na cewa tun da soja suka karɓi mulki a 2023, koyar da zaɓe ɓata alli ne. Wannan magana ba ta da tushe. Yaron da bai san yadda aka ƙidaya ƙuri'ar kakansa ba, da me zai tsare tasa in ranar ta zo?

Intanet rumbu ne, abin da aka zuba shi ake ɗiba. Alƙaluman zaɓuɓɓukanmu suna ciki, tsofaffin takardun zamanin Turawa suna Gallica, amma da Faransanci da Ingilishi, kuma da idon baƙo. Tun da a 2025 aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, hujja ta ƙare. Mu malamai mu fassara su, mu aiki ɗalibai su naɗo muryoyin dattawan da suka ga waɗannan zaɓuɓɓuka kafin ƙasa ta rufe musu ido, mu zuba a rumbun da hannunmu. In mun ƙi, wasu za su ci gaba da cika shi, ƴaƴanmu kuma su ci abin da suka tarar.