'Yan China a Kano: Kada a Yi Musu Kuɗin Goro

A watan Mayun 2012 jami'an shige da fice sun kama 'yan China 45 a Kantin Kwari, bisa zargin kasuwancin yadi ba bisa ƙa'ida ba. Kukan 'yan kasuwarmu ba na banza ba ne. Atamfa mai araha ta taimaka wajen durƙusar da masaƙunmu.

Sai dai a tuna Amurka. A 1882 ta haramta wa leburorin China shiga ƙasarta, bayan sun shimfiɗa mata layin dogo, kuma ba a soke dokar ba sai 1943. Laifinsu asalinsu kawai.

Ga Babbar Kotun Tarayya nan a Gyadi-Gyadi, cikin Tarauni. Wanda ya karya doka a gurfanar da shi da sunansa, alƙali ya duba takardunsa.